`extract($_REQUEST)` da `$_POST` sun cika manhajar makarantar da na gada, ta ina zan fara gyara?

Ɗan Angwan Rogo:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka daɗe suna rubuta PHP, abin ya tsaya mini a rai.

Wata makarantar kuɗi ce a nan Jos, ta wajen Bauchi Road, firamare da sakandare, ɗalibai kusan ɗari shida. Sun yi shekara takwas suna amfani da wata manhaja da ake biyan kuɗin makaranta a ciki, malamai su shigar da maki, iyaye su duba sakamako. Wanda ya rubuta ta ya bar gari tuntuni, lambarsa ma ba ta shiga. Shugabar makarantar, Hajiya, aminiyar mahaifiyata ce, shi ya sa ta kira ni ta damƙa mini komai, har da kalmar sirrin cPanel, wato shafin kula da sabar, da ta rubuta a bayan wani tsohon rasit.

Ga abin da ya sa ta kira ni. Da zangon farko ya ƙare, mai kula da kuɗi ya zauna yana haɗa lissafi, sai ya ga rasit ɗaya ya nuna an biya an gama, amma abin da ya shiga banki naira 4,500 ne, alhali kuɗin ajin 45,000 ne. Na buɗe shafin biyan na duba. A cikin fom ɗin akwai wannan layi:

`<input type="hidden" name="amount" value="45000">`

A `pay.php` kuma sai na ga ana amfani da `$amount` kai tsaye, kuma na duba fayil ɗin daga sama har ƙasa ban ga inda aka zuba masa komai ba. Na yi kusan awa biyu ina nema kafin na same shi a layi na uku na `config.php`, wanda kowane shafi yake ɗauko shi: `extract($_REQUEST);`

Da na gane abin da layin nan yake yi, wato duk abin da aka turo ta adireshi ko fom yana mayar da shi mazubi (variable) mai wannan sunan, sai na tuna na ga `if ($is_admin)` a shafin gyara maki. Na ɗauki wayata, ban shiga da sunan kowa ba, na ƙara `?is_admin=1` a ƙarshen adireshin. Shafin ya buɗe. Makin yara 'yan JSS 3 gaba ɗaya ga shi a gabana, da maɓallin gyarawa. Wallahi jikina ya yi sanyi, na ajiye wayar na daɗe ban ce komai ba.

Bayan wannan kuma, kamfanin da muke ajiye shafin a wurinsu sun turo saƙo cewa za su daina ba da PHP 5.6. Na gwada manhajar a kwamfutata da PHP 8.2, ko shafin farko bai tashi ba, ya ce bai san `mysql_connect` ba. Na ƙirga da `grep`, wurare 340 ne aka taɓa `$_GET` ko `$_POST` ko `$_REQUEST` a cikin fayil 87, ban da waɗanda suka dogara da `extract` ɗin.

Hutun sati uku nake da shi kafin a koma a Janairu. Shin in rushe in sake ginawa da Laravel, shiryayyen tsarin nan na gina manhaja da PHP, ko in gyara wannan? In gyara ne, `filter_input`, aikin PHP na tantance abin da aka turo, ya wadatar ko sai na yi wani tsari dabam? Ban taɓa riƙe aikin da kuɗin mutane da makin yaransu ke ciki ba, kuma ba na son in ba Hajiya kunya. Na gode.

Tsohon Hannu:

Wa alaikumus salam ƙanena. Da farko Allah ya yi maka albarka da ka gwada `?is_admin=1` da kanka kafin wani ya gwada. Kada ka kwanta yau sai ka rufe wannan. A saman shafukan gudanarwa, bayan an ɗauko `config.php`, ka rubuta `$is_admin = !empty($_SESSION['is_admin']);` don ya danne `is_admin` ɗin da ya shigo daga waje. Minti goma ne. Sauran aikin ya jira gobe.

Ni a Garki nake, kuma na fara PHP tun lokacin da wannan abin da ya firgita ka shi ne yadda harshen yake aiki da kansa. Sunansa `register_globals`. Duk abin da mutum ya rubuta a adireshi ko ya cika a fom, PHP sai ta mayar da shi mazubi mai wannan sunan a cikin shirinka. Ya yi daɗin koyo, amma ya jawo ɓarna mai yawa. Shi ya sa aka kawo `$_GET` da `$_POST` da 'yan uwansu a PHP 4.1 a ƙarshen 2001, aka kashe `register_globals` a matsayin tsarin asali a 4.2 a 2002, aka cire shi kwata-kwata a 5.4 a 2012. To da aka cire, shirye-shirye da yawa suka mutu a dare ɗaya, sai masu su suka gano cewa layi ɗaya na `extract` zai tashe su. Ina kyautata zaton haka wanda ya riga ka ya koya, ko kuma daga wani tsohon darasi ya kwafo. Abin da masu PHP suka ɗauki shekara goma suna binnewa, shi layin nan ya tono.

Yadda nake koya wa yaran da ke aiki da ni: ka ɗauki shirinka kamar gidanmu na gargajiya. Baƙo a zaure yake tsayawa ya yi sallama, a fito a ga ko wane ne da abin da ya kawo. `$_GET`, `$_POST`, `$_COOKIE`, duk baƙi ne. A manhajarka yanzu gidan ƙofa 340 gare shi, kuma `extract` ya ba baƙo damar shiga har ɗaki ya zauna a kan sunan ɗan gida. Aikinka shi ne ka mayar da ƙofar guda ɗaya. Saman kowane shafi ne kawai zai taɓa waɗannan mazubai, ya tantance, sannan ya miƙa wa sauran shirin abin da aka tantance:

```php
$dalibi = filter_input(INPUT_POST, 'student_id', FILTER_VALIDATE_INT);
if (!is_int($dalibi)) {
    http_response_code(400);
    exit;
}
$kudi = kudinZango($db, $dalibi);
```

Ka lura da layin ƙarshe. Ban tantance `amount` ba, ban ma karanta shi ba. Wannan shi ne maganin asarar 40,500 ɗin nan. Ko ka wanke `amount` da kowane irin sabulu, 4500 lamba ce mai kyau, za ta wuce kowace tantancewa. Kuɗin aji makaranta ce ta san shi, yana cikin rumbun bayananku, babu dalilin da zai sa a tura shi wayar mai biya sannan a tambaye shi ya dawo da shi. Kalmar `hidden` ido kawai take ɓoye wa abu, duk yaron da ya san danna F12 a Chrome zai gan shi ya canza shi. Kuma `kudinZango` ba ta san akwai wani abu wai shi `$_POST` a duniya ba, lambar ɗalibi kawai aka ba ta, don haka kana iya gwada ta ba tare da ka buɗe burauza ba.

Game da cire `extract`, kada ka ji tsoro, PHP da kanta za ta nuna maka hanya. A kwamfutarka ka sa `error_reporting(E_ALL)`, ka goge layin, ka bi shafukan ɗaya bayan ɗaya. A galibin wuraren da aka dogara da shi, za ta yi maka gargaɗin cewa ga mazubin da ba a san shi ba, da sunan fayil da lambar layi. Ka fara da shafin shiga, sai na kuɗi, sai na maki.

`$_REQUEST` kuma ka rabu da shi. Haɗaka ce ta `$_GET` da `$_POST`, wani lokaci har da kuki, kuma wanda zai danne wani ya danganta da `request_order` a `php.ini`. In an bar shi babu komai, PHP tana komawa ga `variables_order`, can kuwa kuki yana bayan biyun, shi ke cin nasara. Ka ga ke nan halin shirinka ya rataya a kan fayil ɗin da masu sabar suka tsara, kai kuma ga shi ana shirin canza muku sabar.

'Yar Bukuru:

Sannu da ƙoƙari ɗan uwa. Malam Tsohon Hannu ya gama magana a kan babban abin, ni ƙananan da suka taɓa cizona zan ƙara.

`filter_input` tana da kyau amma ka san halinta. In ba a turo abin ba sam, `null` take bayarwa. In an turo amma bai ci jarrabawa ba, `false`. Sifili kuwa lamba ce halastacciya. To in ka rubuta `if (!$maki)`, yaron da ya ci sifili a gwaji za a ce masa ba a cika gurbinsa ba. Shi ya sa Malam ya yi amfani da `is_int`. Sannan ita ainihin abin da ya shigo take karantawa, in wani wuri a shirin ya canza `$_POST['x']` ba za ta gani ba. A tsohuwar manhaja irin taka ina da tabbacin za ka sami wuraren da ake zuba abu cikin `$_POST` a sama don wani fayil ya ɗauka a ƙasa. Ka neme su musamman, su ne za su karye shiru ba tare da gargaɗi ba.

Na biyu, kada ka ɗauka duk abin da ya shigo rubutu ne. In mutum ya rubuta `?id[]=5`, PHP jeri (array) za ta ba ka. A PHP 8 in ka miƙa jeri ga `trim` ko `strlen` shafin faɗuwa zai yi gaba ɗaya. `filter_input` tana tare wannan da kanta, in ba ka ce mata jeri kake jira ba `false` za ta ba ka.

Na uku, kuma wannan ne na fi so ka riƙe: tantance abu a ƙofa dabam, kare shi a inda za a yi amfani da shi dabam. Akwai masu yin aiki guda ɗaya wai `clean()` su bi da komai ta ciki, su cire alamomi, su ce sun gama. A ƙasar Hausa wannan sai ya ɓata maka sunayen mutane. Sa'adatu, Mu'azu, Rabi'u, duk da alamar nan a tsakiya. Na taɓa ganin takardar sakamako da aka buga wa yarinya `Sa\'adatu`, mahaifinta ya dawo da ita makaranta ransa a ɓace, kuma yana da gaskiya. Ka ajiye sunan yadda mai shi ya rubuta. In za ka kai shi rumbun bayanai, ka yi amfani da PDO, hanyar PHP ta magana da rumbun bayanai, da `prepare`, tunda dama `mysql_query` an cire ta tun PHP 7.0, dole ka taɓa kowace tambaya. In za ka nuna shi a shafi, `htmlspecialchars`. Kada ka koyi `FILTER_SANITIZE_STRING` daga tsofaffin darussa, an yi mata ritaya tun 8.1.

Akwai kuma abin da na tabbata yana nan a manhajarka ko ban gani ba. Ka shiga a matsayin uba ɗaya, ka buɗe sakamakon ɗansa, ka ga `result.php?id=212`, ka mayar da shi 213. In sakamakon ɗan wani ya fito, to 213 ma ta wuce tantancewar lamba lafiya lau. Dole shirin ya tambayi rumbun bayanai ko wannan ɗalibin na wanda ke cikin `$_SESSION` ne.

Da wa kuke karɓar kuɗin? In kamfanin karɓar kuɗi na Paystack ne, kada ka rubuta "an biya" don kawai burauza ta dawo shafinka. Ka tabbatar daga sabarka, ka kwatanta kuɗin da suka ce ya shiga da wanda ke rumbunka, kuma ka tuna da kwabo suke lissafi, 45,000 za ta zo maka 4500000. Saƙon da suke turowa sabarka JSON ne, `$_POST` zai zo fanko, sai ka karanta `php://input`, ka duba sa hannun da ke `x-paystack-signature` kafin ka yarda da ko harafi ɗaya.

Na Wuse:

Gaskiya ni ban ga amfanin ɗinke tsumma ba. Fayil 87 ba wani abu ba ne. Laravel ta riga ta yi duk wannan da ake lissafa maka, `$request->validate()` layi uku ne ka gama, ga kariyar CSRF, wato hana wani shafi tura fom da sunan wanda ya shiga, ga tsarin shiga. Ka rushe kawai abokina, sati uku ya isa in ka zauna.

Tsohon Hannu:

Na Wuse, da sabon aiki ne da na bi bayanka, Laravel nake amfani da ita kullum. Amma fayil 87 ɗin nan shekara takwas na dokokin makaranta ne a ciki waɗanda ba a rubuta su a ko'ina ba: ragin da ake yi wa 'ya'yan malamai, yadda ake fitar da na ɗaya in biyu sun yi kunnen doki, wanda ya biya rabi ya rage rabi. Mutum ɗaya, sati uku, ga wutar da ba ta tsayawa, ga shi bai taɓa riƙe irin wannan aikin ba. In ya rushe, ranar komawa makaranta Hajiya ba ta da tsohuwa ba ta da sabuwa.

Kuma kada a ɗauka Laravel tana hana wannan ciwon. Na sha duba aikin matasa na ga `User::create($request->all())` tare da `$guarded = []`. Wannan `extract($_REQUEST)` ne ya sa sabuwar riga, a turo `is_admin=1` ya shige har rumbun bayanai. Haka masu kiran `request()` daga can cikin lissafi, sun dawo da ƙofa 340 ɗin. Wannan na biyun ya fi fitowa fili in aka koma irin su Octane, tsarin Laravel na ƙara wa shiri sauri, wanda ya fito a 2021. PHP ta gargajiya tana wanke komai bayan kowace buƙata, shi ya sa sakacinmu bai cika kama mu ba. A Octane kuwa shirin yana zaune a raye yana karɓar mutane bi da bi, in ka ajiye buƙatar wani a mazubin `static`, na bayansa zai iya tarar da ita.

Ƙanena, in kana son tsari mai kyau ba tare da rushewa ba, ka ɗauko `symfony/http-foundation` ita kaɗai da Composer, manhajar ɗauko kayan aikin PHP. `Request::createFromGlobals()` sau ɗaya a sama, sai ka riƙa miƙa `$request`. A kanta Laravel ta gina nata ajin, don haka duk abin da ka koya yanzu zai bi ka in ka tashi ƙaura a dogon hutu.

Ɗan Angwan Rogo:

Malam, Anti, Na Wuse, Allah ya saka da alheri. Kwana tara ke nan ina kai. Na rufe `is_admin` a daren nan kamar yadda Malam ya ce. Anti, abin da kika faɗa na 213 haka yake, na canza lambar sakamakon wata yarinya ya fito har da hotonta, shi ma na toshe. Na goge `extract`, gargaɗi ya zubo kamar ruwan Agusta, na bi su da littafi da biro ina kashewa. Shafin shiga da na kuɗi da na iyaye duk sun koma PDO, kuma yanzu kuɗi daga rumbu yake fitowa. Da asuba nake yi kafin a ɗauke wuta, da safar hannu saboda sanyin nan na Disamba, in yatsu sun ƙage in sauka wajen mai shayi in dawo. Na yi wa Hajiya bayani a ofishinta, na nuna mata a wayarta yadda aka canza kuɗin. Ta yi shiru, sannan ta ce ita za ta yi magana da gidan da abin ya fito, ni in ci gaba da aikina.

Saura abu ɗaya da ya ɗaure mini kai. Malamin JSS 2 ya same ni ya ce tun bara in ya shigar da makin ajinsa, na yaran ƙarshe ba ya zama. Su 58 ne, a jere bisa haruffa, kowane yaro gurbi 18 a shafi ɗaya. Kullum masu suna da Y da Z ne abin ke faɗa wa, uku na ƙarshe, har ya saba rubuta nasu a takarda ya kai wa mai buga sakamako da hannu. Na ɗauka `extract` ne, amma na cire shi abin bai canza ba. Na yi `count($_POST, COUNT_RECURSIVE)` na ga tun kafin shirina ya taɓa komai bayanan a gutsure suke isowa. Sauran azuzuwa lafiya lau. Me ke cinye su a hanya?

'Yar Bukuru:

Ka ninka 58 sau 18, 1,044 ke nan. PHP tana da iyaka mai suna `max_input_vars`, asalinta 1000, an sa ta tun 5.3.9 a farkon 2012 don hana masu cika sabar da dubban gurabe su durƙusar da ita. Duk abin da ya haura dubu yankewa take yi, shafin kuma ya ci gaba kamar ba abin da ya faru, gargaɗin a fayil ɗin kurakurai kawai yake sauka. Yara 55 na farko sun cinye 990, na 56 ya sami rabi, biyun ƙarshe ba su sami komai ba. Ga yaranka uku. Sauran azuzuwan ba su kai yawan da za su taɓa iyakar ba ne kawai.

`ini_set` ba za ta yi maka aiki a nan ba, don kafin layinka na farko ya tashi an riga an yanke. Sai a `php.ini` ko `.user.ini`, ko ta wurin gyara saitin PHP a cPanel in sun buɗe muku shi. Ka ɗaga zuwa 3000 don malamin ya samu ya yi aikin Janairu. Amma ni da zan raba shafin, darasi ɗaya a lokaci ɗaya, gurbi uku ko huɗu ga kowane yaro, ya fi sauƙi ma a waya. Sannan ka sa gurbi ɗaya a can ƙarshen fom ɗin, misali `name="karshe"`. In bai iso ba ka san an gutsure, kada ka ajiye ko ɗaya, ka gaya wa malamin a fili cewa makin bai shiga ba.

Kuma don Allah ka roƙi Hajiya a ciro sakamakon JSS 2 na bara a kwatanta da takardun malamin, musamman yaro na 56. Biyun ƙarshe an san babu nasu, an cike da hannu. Shi kuwa nasa rabi ya shiga, zai iya yiwuwa ba wanda ya lura an tara masa jimla a kan rabin maki.

Ɗan Angwan Rogo:

Anti na duba fayil ɗin kurakurai, gargaɗin yana nan an maimaita shi tun zangon farko na bara. Na ɗaga iyakar, na sa gurbin ƙarshen, na shigar da yara 58 na gwaji duk sun zauna. Na kira malamin, ya ce takardun bara suna cikin kabad ɗinsa a makaranta. Gobe da ƙarfe tara za mu haɗu da shi da Hajiya mu duba na yaron.